Kwata Kafin Kwalta

A bakin layinmu da ke Kpakungu a Minna akwai wani rami da zan iya ba da tarihinsa tun daga ranar da aka haife shi. Wani maƙwabcinmu ne ya ja ruwan famfo zuwa sabon gidansa. Masu aikin suka sa diga suka sare kwalta daga wannan gefe zuwa wancan, suka binne bututu, suka mayar da ƙasa, suka tattake da ƙafa, suka karɓi kuɗinsu. A watan Maris aka yi haka. Ruwan farko na Afrilu ya lotsa wurin kaɗan, faɗin tafin hannu. Zuwa Yuni masu babur sun fara kauce masa, suna cin gefen titin. Kafin Agusta ya fita, ramin ya ci layin gaba ɗaya, har in an yi ruwa yaran unguwa kan kafa reshen mangwaro a tsakiyarsa don baƙo ya san inda zai bi.

A cikin wannan Agustan ne jikin mahaifiyata ya tashi da tsakar dare. Na samu mai keke da ƙyar, na nuna masa gida, ya haska fitila ya dubi ruwan da ya kwanta, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, layinku ba ya shiguwa. Ku fito da Hajiya bakin titi." A kan kujerar roba muka ɗauko ta, ni da ƙanena, ruwa har ƙauri, tana salati muna lallaɓawa. Allah ya ba ta lafiya. Amma tun daga daren nan na daina ɗaukar maganar titi a matsayin hirar 'yan siyasa.

Ba zan ɓoye alheri ba. Tun da Gwamna Mohammed Umaru Bago ya hau mulki a watan Mayun 2023, Minna ta ga aikin hanya irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Katafila ta shiga wurare da yawa, an faɗaɗa manyan tituna, wasu sun rasa shaguna da katangu saboda aikin. Duk wanda ya san wahalar da aka sha shekara da shekaru a hanyar Minna zuwa Suleja ba zai raina sabuwar kwalta ba. Abin da ke hana ni barci shi ne: in an gama, an yanke kyalle, an tafa, wa zai riƙa duba ta?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, heluman leburorin hanya ne a ma'aikatar ayyuka. Shi ya fara nuna mini cewa kwaltar da muke gani fata ce kawai. A ƙarƙashinta akwai dakakken dutse, a ƙarƙashin dutsen akwai jar ƙasa da aka daddanne, kuma ita ce ke ɗauke da nauyin mota. Muddin wannan ƙasa a bushe take, titi zai yi shekaru. Da zarar kwalta ta tsage, ruwa ya sulala ciki, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi, sai babbar mota ta bi ta kai ta murƙushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa a zamaninsu, kamar yadda yake ba mu labari, rabin aikinsu ba a kan titin yake ba. Suna gefe ne, suna yashe lambatu, suna sare ciyawa, suna buɗe bakin kwalbati, suna toshe ƙaramar tsaga da narkakkiyar kwalta tun ba ta zama rami ba. Yakan ce da yaransa, "Ku ba ruwa hanyarsa, sai ya bar muku taku."

Wannan magana ta fi dacewa da Minna fiye da garuruwa da yawa. Garin yana gindin duwatsu, damina tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, kuma mafi yawansa a Agusta da Satumba yake zubowa. Duk abin da ya sauka a kan tudu ta cikin unguwanni zai gangaro. Waɗanda suka gina manyan magudanan siminti da suka ratsa garin, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, sun fahimci haka, kuma har gobe muna cin moriyar aikinsu. Amma ku leƙa cikinsu a ƙarshen rani. Leda, robar lemo, tsohuwar katifa, yashi da ya taru har ciyawa ta tsiro a kai. Nan laifin namu ne, mu mazauna gari, kuma ba zan sassauta mana ba. Na sha ganin hadari ya haɗu, an aiko yara da kwandunan shara a guje su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan na ƙasa da kai za ta, ta toshe kwalbati, ruwa ya hau titi. Ga masu gini da ke tara yashi da tsakuwa a bakin hanya wata da watanni, ga masu shago da ke toshe kwata da siminti don mota ta samu wurin tsayawa. Bayan abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda ambaliya ta ci rayuka fiye da 150, bai kamata a samu mutumin jihar Neja da zai yi wasa da hanyar ruwa ba.

Akwai kuma nauyin kaya. Da tireloli da tankoki suka karkato ta Bida zuwa Minna, kowa ya ga yadda hanyar ta koma, har gwamnatin Abubakar Sani Bello ta kai ga taka wa manyan motoci birki a kanta. Wannan magana ce ta manyan hanyoyi, kuma tana da masu yin ta.

Ni tawa ta lungu ce, don shi ne maraya. Hanyoyin tarayya suna da hukumar FERMA tun 2002. Na jiha suna da NIGROMA. Tsarin mulkin 1999 kuwa, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya da kula da su a kan ƙananan hukumomi. Minna tana tsakanin biyu ne, Chanchaga da Bosso. An daɗe ana cewa kuɗinsu ba ya isa hannunsu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. To, idan hukuncin ya zauna da gindinsa, ga wurin da talaka zai fara ganinsa da ido. Mutanen Maitumbi da Sauka Kahuta da Barikin Sale da Dutsen Kura ba gadar sama suke roƙo a ƙofar gidajensu ba. Suna so ne mai keke ya iya shigowa, mai kurar ruwa ya iya wucewa, a iya fita da makara ba tare da an tuɓe takalma ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da kilomita ɗaya ta sabon titi. A dawo da leburorin hanya na dindindin, kowace mazaɓa da nata, matasan unguwar ne, da baro da shebur da diga da durom ɗin kwalta, da heluman da kowa ya san gidansa. A zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu an gwada tura kuɗin ayyuka kai tsaye zuwa mazaɓu duk wata, don haka tsarin ba baƙo ba ne a jihar nan. A sa watan Maris ya zama watan yasar kwata a gari duka. Wanda zai sare titi don bututu ya ajiye kuɗin gyara kafin diga ta taɓa kwalta, kuma a gyara cikin mako. Sannan duk ɗan kwangilar da aka ba sabon titi, kada a sallame shi sai an ga inda ruwan titin zai bi ya fita, don tun ran gini tun ran zane.

Mu a layinmu mun gaji da jira. Mun kai kuka wani ofishi, aka tura mu wani, muka dawo. Sai mai unguwa ya tara mu bayan sallar la'asar, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka sayi tifa biyu ta jar ƙasa muka cike ramin. Mun san ba za ta kai Satumba ba, domin ƙasa ba kwalta ba ce. Mun kuma sa ranar Asabar ta ƙarshen wata don gayyar yasar kwata, matasa sun yi alkawarin fitowa da shebur. Abu ɗaya ya gagare mu. In mun kwaso dagwalon mun tara a bakin hanya, ba mu da motar da za ta kwashe shi, kuma bara da muka bar shi a nan, ruwan farko ne ya mayar da shi inda muka ciro shi. Tifa ɗaya muke nema, ranar Asabar, daga ƙarfe goma na safe.