Damina Da Karayar Ƙugun Tsofaffi

Daga Wakilinmu na Arewa

Idan ruwa ya yi ɓarna, gidaje da gonaki ake ƙirgawa. Haka aka yi a ambaliyar 2022, haka kuma da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri cikin Satumban 2024. Amma akwai ɓarnar da ba ta shiga lissafi, watau tsohon da santsi ya kwashe a tsakar gida ya karye a ƙugu.

A ƙasashen sanyi na Turai likitoci sun daɗe da lura cewa irin wannan karaya tana ƙaruwa lokacin ƙanƙara. Mu nan taɓon damina da gansakukar bakin rijiya su ne ƙanƙararmu. Ƙashin tsofaffi kuwa, musamman mata, ya riga ya yi rauni, faɗuwa ɗaya ta isa.

Galibi wuyan ƙashin cinya ne ke karyewa, can cikin nama inda karan maɗori ba ya kamawa. Alamarsa ita ce ƙafa ta gajarce ta juya waje, mutum ya kasa tsayuwa. Likitoci sun fi son a yi aiki cikin kwana 2, domin doguwar kwanciya ke jawo gyambo da ciwon huhu, har ta kai ga rasa rai.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, kafin ruwa ya sauka ku aika da kuɗin gyaran daɓe da magudana da sayen tocila. In kuwa aka bugo waya cewa Baba ko Inna ta faɗi, kada ku ce a jira zuwanku. A ɗauki hoton ƙashi ran nan a asibiti mafi kusa, ko a nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Allah ya kiyashe mu.