Kimiyya a Aljihu: Yadda za mu ceto sautukan tsofaffin wayoyi

 Wasiƙar wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta sa muka jingine abin da muka shirya muku a makon nan. Ta ce ta tarar da wayoyin mahaifinta marigayi guda biyu a ƙasan akwati. Ɗaya Nokia 3310 ce, akwai sautin kira a cikinta da shi ya haɗa da hannunsa. Ɗayar kuma mai memori ce, tana ɗauke da sautukan kira da muryarsa da ya naɗa. Malaminsu na kwamfuta ya ba ta shawarar ta mayar da su WAV kafin wayoyin su mutu, shi ne take tambayar yadda ake yi. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta. Shawarar malaminki daidai ce, sai dai aikin ba iri ɗaya ba ne ga kowane sauti.

Mu fara da WAV ɗin. Kamfanonin Microsoft da IBM ne suka fito da shi a 1991. Sauti girgizar iska ce, shi kuma fayil ɗin WAV yakan auna girgizar nan ne sau dubbai a kowace daƙiƙa, ya rubuta kowane awo yadda yake, ba matsewa, ba zubar da komai. A ma'aunin faifan CD, awo 44,100 ake yi a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa minti ɗaya na kunne biyu ke cin kusan megabayit 10. Nauyi ne da shi, amma kowace kwamfuta tana buɗe shi, kuma za a iya yanka shi a sake adanawa sau ɗari bai rage kyau ba. MP3 ba haka yake ba. Duk sanda aka gyara shi aka sake matsewa, sai wani abu ya zube.

Ga abin da ya fi ba mu sha'awa. Yawancin sautukan kira na da can ba sauti ba ne ko kaɗan, umarni ne a rubuce. Wayoyin da suka cika hannun jama'a lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001 ba su da wurin ajiye waƙa. Abin da suke ajiyewa shi ne jerin umarni: buga wannan murya na tsawon kaza, sannan waccan. Wayar ce makaɗiya, ita ke karantawa ta kaɗa. Hatta shahararren sautin nan na Nokia, wanda aka gutsuro daga Gran Vals, kiɗan jita da Francisco Tárrega ɗan Sifaniya ya tsara a 1902, haka ya zauna a wayoyin farko, babu jita ko ɗaya a ciki.

Nokia tana da tsarin rubuta irin wannan umarni mai suna RTTTL. Ga wani da muka ƙirƙira domin gwaji:

Gwaji:d=4,o=5,b=120:c,e,g,2c6

Wannan layin shi ne sautin gaba ɗayansa. Lambar 120 na nufin bugu 120 a minti, wato kowane bugu rabin daƙiƙa. Muryoyi uku na farko bugu ɗaya-ɗaya ne, ta ƙarshe bugu biyu, jimla daƙiƙa biyu da rabi. Kowane harafi kuma yana da yawan girgizarsa: c ɗin farko sau 523 a daƙiƙa, e sau 659, g sau 784, na ƙarshe sau 1,047. Yanzu ku ɗauko biro. Layin nan haruffa 29 ne, wato bayit 29. Idan aka mayar da shi WAV na kunne ɗaya, awo 44,100 sau bayit 2 sau daƙiƙa biyu da rabi, zai ba mu bayit 220,500. Ya ninka fiye da sau 7,000, alhali ba a ƙara murya ko ɗaya ba. Bambancin takardar koyon girki ke nan da tukunyar miya.

To ke nan mayar da irin wannan sauti zuwa WAV ba sauya masa riga ba ne, sake kaɗa shi ne a naɗa. Mai kwamfuta zai iya gwadawa da Audacity, manhajar da ake saukewa kyauta: a shiga Generate, a zaɓi Tone, a sa nau'in Square, a rubuta yawan girgiza da tsawon lokaci, murya bayan murya, sannan a fitar da shi a WAV. Za ku ji wannan tsiwar ta tsohuwar waya ta fito. Ta yi kama, amma ba ita ba ce sak, domin 'yar sifikar wayar da robar jikinta suna da nasu hannun a cikin amon.

Saboda haka ga shawararmu a kan 3310 ɗin, wadda ba ta da memori balle bulutut. Ki buɗe Composer, inda mahaifinki ya haɗa sautin, ki kwafe haruffa da lambobin da ke kan allon a littafi, har da saurin bugun. Rubutun nasa ya ɗan bambanta da RTTTL amma manufar ɗaya ce. Daga nan ki samu ɗaki shiru, ki kashe fanka, ki ajiye makirfo kamar taƙi ɗaya daga wayar, ki kunna sautin ki naɗa kai tsaye a WAV. Ki yi sau uku ki zaɓi mai kyau. Wannan naɗin ne kaɗai zai riƙe abin da kunnen 'yan gidanku ya saba ji idan an kira shi.

Wayoyin da suka biyo baya, masu kaɗa muryoyi da yawa a lokaci guda, yawancinsu MIDI suke amfani da shi, tsarin da masu kayan kiɗa suka fito da shi tun 1983. Wasu wayoyin Samsung da LG kuma MMF na kamfanin Yamaha. Su ma duk umarni ne, sai dai sun ƙara da cewa wannan layin fiyano ne, wancan ganga. Manhajoji irin su FluidSynth da TiMidity++ suna karanta MIDI su fitar da WAV, amma da nasu kayan kiɗan. Waƙa ɗaya ce, idan ka ba 'yan badujala ka kuma ba mai goge, ba abu ɗaya za ka ji ba. Mun taɓa juya wani sautin da muke ƙauna, ya fito tsaf kamar daga situdiyo, muka saurara muka ji baƙo ne. A nan ma makirfo ya fi.

Muryar mahaifinki kuwa, labarinta daban. Ita sauti ce ta gaske, kuma galibin wayoyin wancan zamani a AMR suke naɗa murya. An tsara AMR ne domin magana, awo 8,000 kawai yake yi a daƙiƙa, kuma yana matsewa sosai. Kada ki naɗe ta da makirfo. Ki zare memorin ki sa a kwamfuta, ki kwafi fayil ɗin, ki juya shi da manhajar FFmpeg da wannan umarni:

ffmpeg -i murya.amr murya.wav

Fayil ɗin zai kumbura kamar sau goma ko fiye, amma muryar ba za ta ƙara fita ba. Abin da AMR ya zubar a ranar naɗin ya tafi, WAV dai yana hana ƙarin asara ne. Duk wanda ya ce miki juyawar za ta wanke muryar, kuɗinki yake so.

Kada ki goge na asalin bayan kin juya. Ki ajiye su tare a wuri biyu ko uku. Idan za ki tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, kada ki kunna ki naɗa da saƙon murya, don zai sake matsewa. Idan kuma kin ga batirin wayar ya kumbura, kada ki jona caji. Ki kai wa mai gyaran waya ya sa wani, ki tsaya a kansa, ki kuma gaya masa tun farko cewa ba ki yarda a yi wa wayar filashin ba.

Aikin gida ga sauran ɗalibai: sautin kira mai bugu 16 a saurin 120, bayit nawa zai ci a WAV na kunne ɗaya, a ma'aunin da muka yi amfani da shi a sama? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.