Latin da Harshen Gida a Gaban Bagadi

Tun da Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta halatta gudanar da ibadar Katolika cikin harsunan jama'a, har Paparoma Paul na Shida ya fito da sabon tsarin sujada a 1969, firist ya juyo yana fuskantar mutane bayan ƙarnonin da ya yi yana ba su baya a gaban bagadi, saɓani bai kwanta ba tsakanin masu riƙo da tafarkin magabata da masu neman tajdidi. Paparoma Benedict na Sha Shida ya sassauta wa tsohuwar ibadar Latin a 2007, Paparoma Francis kuwa ya sake ƙuntata ta a 2021.

A ganina gyaran da Majalisar ta kawo yana da hujja ƙwaƙƙwara, domin dattijuwar da ke durƙushe a majami'ar ƙauye a ƙasar Zazzau, tana amsa addu'a da Hausa ana kaɗa ganga, ta san ma'anar abin da bakinta ke furtawa. Sai dai ƙuntatawar da Francis ya yi ta yi tsanani, gama masu son Latin ƙalilan ne, kuma galibinsu, in an ware mabiya Akbishop Lefebvre da suka bijire a 1988, ba su taɓa fita daga ɗa'ar Roma ba.