Awa ɗaya da rabi daga Kano zuwa Legas



Tsakanin Kano da Legas, in aka miƙe ta sama, tazarar kusan kilomita 830 ce. Jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, cikin awa ɗaya da rabi ya sauka Ikeja. A mota kuwa, sai an bi Zariya da Kaduna, a haye kogin Kwara, a wuce Ilori da Badun, kilomita fiye da 1,000, a wuni a kwana a hanya. Saboda wannan awa ɗaya da rabin ne ɗan kasuwa da mai rakiyar mara lafiya suke runtse ido su biya kuɗin tikiti.

To ina awa ɗaya da rabin take?

Tikiti ya ce ƙarfe goma na safe. Mutum ya yi sammako, an auna kayansa, ya zauna. Ya yi azahar a filin jirgi, ya yi la'asar a filin jirgi. Hajiyar da za ta saro atamfa a kasuwar Balogun ta Legas tana riƙe da jaka a cinya, tana ta buga waya a jira ta, har aka rufe shaguna tana nan Kano.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirage kaɗan, tikiti barkatai. Kamfani yana da jiragen da ba su taka kara sun karya ba, amma ya sayar da kujerun garuruwa rututu. Jirgi ɗaya ne zai je Abuja da asuba, ya koma Legas, ya leƙa Fatakwal, ya sake dawowa, sannan a tuna da Kano. Ya makara rabin awa da safe, kowace tasha sai ta ƙara nata, kafin ya iso mana rana ta faɗi. In kuwa ya sami matsala, babu wani a ajiye da zai maye gurbinsa. Jirage kaɗan, tikiti barkatai, jama'a, wannan ita ce cutar.

Kamfanonin za su ce hazo ne. Gaskiya ne hazon hunturu yakan hana jirgi sauka, kuma babu mai hankalin da zai so a yi kasada da ransa. Amma tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, kowa ya san watannin hazo. Wane hazo ake yi a watan Mayu?

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne sanarwar. Lasifika ta yi ƙara da Turanci, cikin sauri, sau ɗaya tak. Dattijo ya waiga yana tambayar na kusa da shi, "Ɗana, me suka ce?" A tsakiyar Kano! Mene ne wahalar maimaitawa da Hausa? Shi ya sa da yawa ba su san doka ta ba su haƙƙin abin taɓawa in jira ya yi tsawo ba, da mayar da kuɗi in ya wuce kima, da masauki in dare ya yi.

Don Allah, masu kamfanonin jirage, ku sayar da tikiti daidai yawan jiragenku. In kun san jirgin ƙarfe goma yana Fatakwal, lambar wayar fasinja tana hannunku, ku aika masa saƙo tun bai baro gida ba.