Alƙali Bai Yanke Masa Ciwon Haƙori Ba

Duk wadda ta taɓa kwana da ciwon haƙori ba sai an yi mata dogon bayani ba. Kin danna kanumfari, kin kurkure da ruwan gishiri, kin yi ta safa da marwa a tsakar gida, gari na wayewa kin nufi asibiti. To, ki ɗauka wannan ciwo ya kama mutumin da aka kulle a ɗaki cikin cunkoso, ba shi da ikon fita, balle sayen magani. Halin da mijin wata ko ƙanen wata yake ciki ke nan a gidan yari.

Na san wasunku za su ce ai shi ya jawo wa kansa. Amma fa ɗauri alƙali ya yanke masa, bai yanke masa ruɓewar haƙori ba. Balle ma a nan Nijeriya wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar da laifinsu ba tukuna. Kuma ciwon ba abin rainawa ba ne. Haƙorin da ya tara mugunya, kumburinsa yana iya gangarawa muƙamuƙi da wuya har ya toshe numfashi.

Shin akwai dokar da ta tsaya masa? Akwai. Tun 1955 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara ƙa'idojin riƙon fursuna, aka sabunta su a 2015, aka sa musu sunan Nelson Mandela wanda ya yi shekara 27 a ɗaure. Ƙa'ida ta 25 ta ce lalle kowane fursuna ya sami damar ganin ƙwararren likitan haƙori. Ta 24 kuwa ta ce a kula da lafiyarsa daidai da na waje, kuma kyauta. Sai dai waɗannan ma'auni ne, ba su ɗaure gwamnati. A Amurka sai da wani fursuna mai suna Gamble, wanda dilar auduga ta faɗo wa a gidan yarin Texas, ya kai ƙara, sannan Kotun Ƙoli ta yanke a 1976 cewa ƙyale fursuna da gangan cikin ciwo mai tsanani azabtarwa ce da tsarin mulki ya hana. Shi kansa bai ci riba a kan likitansa ba, amma da wannan hukunci masu ciwon haƙori suka riƙa kafa hujja a kotunansu.

Mu ma sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, bai ce ban da fursuna ba. A 2019 an yi sabuwar doka, gidan yari ya koma gidan gyaran hali, a 2023 kuma aka ba jihohi ikon kafa nasu. Madalla da suna, amma suna ba ya cire haƙori. Likitan haƙori ko a cikin gari wahalar samu gare shi. Kai fursuna wurinsa kuwa sai da mota da mai da gandiroba mai rakiya, don haka ya fi sauƙi a miƙa masa ƙwayar rage zafi a ce gobe. Jihar da za ta gina sabon gida, a tambaye ta tun yanzu ina kujerar likitan haƙori.

Kafin nan, mu ne masu kai abinci ranar ziyara. Ki dubi kumatunsa, ki lura ko yana iya tauna. Ki tambayi abin da aka yarda a shigar, aswaki ko man goge baki. In ciwon ya yi tsanani, a rubuta wa shugaban gidan takarda cikin ladabi, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi. Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne, ku rubuta wa iyayenku. In an ji shiru, a kai kwafin ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko hukumar nan ta ba da lauya kyauta ga marasa hali da aka kafa a 1976.