Raddi Ga Masu Cewa "A Kare Baya Ko Gaba Ta Rushe"

Wani mai sharhin wasanni da ake saurara a gidajen kallon ƙwallo na Masaka ya kafe cewa duk ƙungiyar da za a ɗauke wa ɗan wasa ɗaya, to ta rungume masu tsaron bayanta kaf, sauran kuwa ko oho. Ya ce haka ake yi ko a gasar hoki ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wato NHL. Da ya tsaya kan ƙwallon ƙafa da na yi shiru, amma ya kafa hujja da abin da ke ƙaryata shi.

Idan sabuwar ƙungiya ta shigo NHL, kamar Vegas a 2017 da Seattle a 2021, tana zaɓen ɗan wasa ɗaya-ɗaya daga tsofaffin ƙungiyoyi. Kowace ƙungiya tana iya kare 'yan gaba 7 da 'yan baya 3 da mai tsaron raga, ko kuma 'yan wasa 8 ko daga ina suke, tare da mai tsaron raga. Wanda ya ce sai ya kare ɗan baya na huɗu, ya koma tsari na biyu, 'yan gaban da zai kare sun sauko daga 7 zuwa 4. Mutum uku ya bari a fili saboda mutum ɗaya. Wannan lissafin malamin bai taɓa ambatarsa ba.

Florida ta bi shawararsa sak a 2017. Ta kare 'yan baya huɗu, Ekblad da Yandle da Petrovic da Pysyk, ta bar wa Vegas ɗan gaba Jonathan Marchessault, wanda ya ci ƙwallo 30 a kakar da ta gabata, a kan albashin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Ta kuma haɗa wa Vegas da Reilly Smith. A 2018 Florida ta rasa gurbin wasannin kofi da maki ɗaya tak, ita kuwa Vegas ta kai wasan ƙarshe a shekararta ta farko. Petrovic da aka yi wa wannan sadaukarwa, kafin 2018 ta ƙare an tura shi Edmonton. Sai 2023 ta zo, Vegas ta doke Florida ɗin nan ta ɗauki kofin Stanley, Marchessault kuma ya zama gwarzon wasannin kofin. Haba malam, wace irin kariya ce wannan?

Zai ce Nashville ma ta kare huɗu. Gaskiya ne, amma huɗun nata Josi ne da Subban da Ellis da Ekholm, kowannensu ya isa jagorantar bayan wata ƙungiya. Ingancin mutanen aka kare a can, kuma duk da haka ɗan gabanta James Neal ya tafi.

Ya kuma ce a biya sabuwar ƙungiya ta kauda kai. Anaheim ta gwada: don tsira da Manson da Vatanen ta miƙa matashi Shea Theodore, wanda ya zama ginshiƙin bayan Vegas. Gudun gara aka faɗa gidan zago.

Batun kyaftin kuwa ba ya buƙatar dogon zance. Calgary ta bar kyaftin ɗinta Mark Giordano mai shekara 37 a 2021, ta kare Hanifin da Andersson da Tanev, kuma a kakar da ta biyo baya ita ta zo ta ɗaya a rukuninta.