Ranar da mai saƙa ta riƙe kyamara da kanta

A ƙarshen watan Satumba, idan kaka ta shigo arewacin Turai kuma rana ta fara saurin faɗuwa, garin Lerwick yakan cika da baƙi masu hulunan ulu. Lerwick shi ne babban garin Shetland, tsibiran ƙasar Sikotilan da ke can cikin teku tsakanin Birtaniya da Norwe, inda mutane kimanin 23,000 ke zaune. Tun shekarar 2010 ake yin Makon Ulu a wurin. Kowace shekara akan zaɓi gwanar saƙa ko gwani ya tsara hular bikin, masu zuwa su saƙa tasu tun daga gida, kowa da launin da ya zaɓa. Shi ya sa tun a jirgin ruwan da ke tasowa daga Aberdeen ake gane wanda ya nufi bikin.

Abu biyu ne ba a rasawa a jakar yawancin matan da ke zuwa bikin: ƙullin zare da kyamara. Akwai masu ganin na biyun ƙyale-ƙyale ne kawai, aikin masu son a gani a yaba. Wannan shafi bai yarda da su ba. Wanda ya san abin da masu saƙar Shetland suka sha a hannun 'yan kasuwa zai fahimci cewa kyamarar nan kayan aiki ce, kuma ta makara wajen zuwa hannun masu ita.

A fara da mayafin da ake saƙawa a Shetland. Mai saƙar da ta keɓe Asabar da Lahadi don shirya sabon mayafi ba ta fara saƙa a ranar. Lissafi take yi. Mayafin Shetland na gargajiya kashi uku ne: tsakiya, sai faffaɗan gefe da ya kewaye ta, sai baki mai haƙora-haƙora a ƙarshe. Kowane kashi da adonsa, kuma adon da sunansa, akwai sawun kyanwa, akwai idon tsuntsu, akwai sawun igiyar ruwa. Dole adadin ɗaurin tsakiya ya dace da na gefe, in ba haka ba kusurwa za ta tattare ko ta karkace, kuma ba za a gane ba sai bayan an yi makonni ana aiki. Don haka sai ta saƙa ɗan guntu na gwaji, ta wanke shi, ta miƙar, ta auna, sannan ta san kaurin allurar da za ta ɗauka da yawan zaren da za ta saya. Zaren ma sai ta sayi isasshe daga rini ɗaya, domin launin wannan tukunya ba ya zama daidai da na waccan.

Mafi daraja a cikin mayafan su ne na tsibirin Unst, wanda ya fi kowane tsibiri mai mutane nisa zuwa arewa a Birtaniya. A da da hannu ake tsige gashi mafi laushi daga wuyan tunkiya, a kaɗa shi siriri ƙwarai, a saƙa mayafin da zai kai kusan ƙafa 6 ta kowane ɓangare, amma a zare shi tsaf ta cikin zoben aure. Irin wannan aiki yana cin watanni. Idan aka sauke shi daga allura a cukurkuɗe yake, ba ya da kyan gani ko kaɗan, sai an wanke an ɗaure shi a kan firam ɗin katako mai turaku ya bushe, sannan ramukan adon su buɗe.

To, wannan abu ne mai wuyar ɗauka a hoto, kuma a nan koyon kyamara ya shigo. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci takan mayar da farin mayafi toka-toka, domin tana ƙoƙarin daidaita hasken da ta gani. Idan aka shimfiɗa shi a kan baƙin ƙyalle don ado ya fito, sai ta zarce, farin ya ƙone, zaren ya ɓace. Hasken ƙwan lantarki yana sa ulu ya yi ɗorawa-ɗorawa. Filashi kuwa yana daddanne saƙar ta koma sumul, ba a ganin tudu da kwarinta. Abin da ke fito da aikin shi ne hasken taga da ya bugo daga gefe, a ranar da gajimare ya rufe rana, tare da ɗora kyamara a kan ƙafarta don kada hannu ya girgiza. Mai saƙa tana koyon wannan ne a kaka saboda lokaci na ƙure mata: Shetland na kan layi na 60 a arewacin duniya, kuma a tsakiyar hunturu hasken yini ba ya cika awa 6.

Tsofaffin katunan hoto na Shetland suna nuna mata ɗauke da kwandon makamashi a baya, suna tafiya suna saƙa, allura ɗaya a soke a ɗamarar fata da ke ƙugunsu. Hotunan suna da kyau, an kuma sayar da su ga baƙi. Amma wani ne ya ɗauka, wani ya sayar, kuma sau da yawa ba a rubuta sunan matar ba. Haka kayan saƙar ma suke. A ƙarni na 19 mace takan kai aikinta kantin ɗan kasuwa, ya yi masa kuɗi yadda ya ga dama, ya biya ta da ganyen shayi ko yadi maimakon tsabar kuɗi. A 1872 gwamnati ta aika kwamitin bincike, matan suka zo suka ba da shaida da bakinsu. An gyara doka a 1887, amma al'adar ba ta mutu ba sai wajajen yaƙin duniya na biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mayafan suna shiga gidajen masu hali a Landan, Sarauniya Biktoriya kanta ta yi amfani da saƙar Shetland, mai saƙar kuwa tana neman wanda zai sayi shayinta don ta sami kuɗin gari.

Mai saƙar da duniya ta fi sanin sunanta a wancan zamani ita ce Betty Mouat, kuma ba aikinta ne ya sa aka san ta ba. A farkon 1886 ta shiga jirgin ruwa mai suna Columbine za ta Lerwick da ƙunshin kayan saƙa. Igiyar ruwa ta kwashe matuƙin, ma'aikata biyu suka sauka a kwalekwale don ceto shi, suka kasa komawa. Jirgin ya yi sama da mako guda yana yawo da ita ita kaɗai har ya tsaya a gaɓar Norwe. Jaridu suka yi ta labarinta. Sai da teku ta kusa cinye mace sannan aka tambayi sunanta.

A kwatanta da abin da ya faru a 2015. Ma'aikatan kamfanin Chanel sun je Fair Isle, ƙaramin tsibirin Shetland da adon saƙarsa ya yi suna tun lokacin da Yariman Wales ya sa rigar sanyinsu a shekarun 1920. Sun sayi riguna a wurin Mati Ventrillon, mai saƙa da ke zaune a tsibirin, suka ce na nazari ne. A watan Disamba sai ga riguna masu kama da nata a bikin nuna kayan kamfanin a birnin Rum. Ta fito a kafafen sada zumunta ta yi magana, mutane suka jera hotunan aikinta da na kamfanin suka gani da idonsu. Cikin 'yan kwanaki Chanel ya ba da haƙuri, ya ce zai riƙa ambaton sunanta. Ba kotu aka je ba. Da a 1872 ne, da maganar ta tsaya a bakin kanti.

Matan da ke ɗinkin hula a Borno da Kano, da masu saƙa kayan sanyin jarirai a cikin gida, sun san wannan hali ba sai an ba su labari ba. Hula takan bi ta hannun dillaliya da ɗan kasuwa kafin ta hau kan mai ita, kuma da wuya ya san wadda ta yi makonni a kanta. Waɗanda suka fara sa aikinsu a WhatsApp da Instagram sun ga bambanci, sai dai hoton da aka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki yana rage wa hula kuɗi kafin a fara ciniki. Tabarma a inuwar zaure da hantsi ta isa ta gyara wannan.

Amma kyamara ba ta saƙa. Hoton da ya kawo mai saye shi ne kuma yake kai adon ga masana'antar da za ta kwaikwaya da inji, kuma ba kowace mace ce za a saurari kukanta yadda aka saurari na Ventrillon ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne hannayen da za su gaji aikin. A 2010, shekarar da aka fara Makon Ulu, majalisar Shetland ta soke darasin saƙa a makarantun firamare don rage kashe kuɗi. Kuskure ne babba, a ce ana gayyatar duniya ta zo kallon sana'a ana kuma cire ta daga aji. Daga baya wani shiri mai suna ShetlandPeerieMakkers ya tashi cike giɓin, inda gwanaye ke zama da yara suna koya musu. Masu koyarwar 'yan sa-kai ne.